Wayar Jin Zafi ta Gano Gobara: Tambayoyi da Amsoshi kan Girka Ta a Yamai

Shekaru da dama ke nan ina aikin girka na'urorin gano gobara a Yamai da kewayenta, wani lokaci har Tawa da Ƙonni, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mangaza, da injiniyoyin gine-gine, da yaran da nake koya wa aiki suka fi maimaita mini game da wayar jin zafi. Na tattara su wuri ɗaya ne domin littattafan da suke zuwa tare da wayar an rubuta yawancinsu don ƙasashen da zafin digiri 30 yake zama abin magana, alhali mu a nan watannin Afrilu da Mayu sukan kai mu digiri 45 a inuwa. Alƙaluman da na kawo su ne waɗanda aka fi samu a takardun masu ƙera waya da ƙa'idojin aiki. Idan takardar wayar da ke hannunka ta faɗi wani abu daban, ita za ka bi.

Mece ce wayar jin zafi, kuma yaya take aiki?

Irin da aka fi amfani da shi waya ce siririya wadda kaurinta bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. A cikinta akwai zaren ƙarfe guda biyu masu tauri kamar sifirin, an murɗe su da juna, kowanne an lulluɓe shi da roba ta musamman wadda take yin laushi idan zafi ya kai wani mataki sananne. Muddin robar tana nan da ƙarfinta, zarurrukan biyu ba sa taɓa juna. Da zarar zafi ya kai matakin a kowane wuri a tsawon wayar, robar ta saki, murɗin ya matse ƙarafan suka haɗu, sai akwatin sarrafawa, wanda ma'aikata a nan suke kira santaral, ya ga haɗuwar ya tayar da jiniya. Ke nan kowane taƙi na wayar na'ura ce mai sauraron zafi, daga farkonta har ƙarshenta.

A ƙarshen layin ana sa ɗan rezistans, wato ƙaramin abu mai sananniyar juriya ga wucewar lantarki, wanda santaral yake auna shi dare da rana. Idan ya daina ganinsa ya san waya ta tsinke, sai ya nuna matsala. Idan ya ga haɗuwa ya san zafi ne, sai ya nuna gobara.

Iri nawa ne ake samu?

Uku ne. Na farko shi ne wanda na bayyana, wanda gurbin da ya narke ba ya komawa daidai sai an yanke an sauya shi, kuma ƙa'idar Turai da ta shafe shi ita ce EN 54-28. Na biyu waya ce da juriyarta ga wucewar lantarki take sauyawa gwargwadon zafi, tana iya komawa daidai idan zafin bai lalata ta ba, tana ƙarƙashin EN 54-22, kuma ba ta aiki sai da nata akwatin na musamman. Na uku zaren gilashi ne da ake harba hasken leza a cikinsa, yana iya auna zafi a tsawon kilomita da yawa ya kuma faɗi wurin da zafin ya tashi, amma na'urarsa tana da tsada ƙwarai, shi ya sa aka fi ganinsa a ramukan ƙarƙashin ƙasa da bututan mai. Bayanina a nan ya fi karkata ga na farko, domin shi ne wanda yawancinmu muke sayowa muke ɗaurawa.

Me ya sa ba za a sa na'urar jin hayaƙi kawai ba?

Saboda ƙura. Na'urar jin hayaƙi tana da ɗan ɗaki a cikinta inda haske yake gilmawa, kuma ba ta iya bambanta hayaƙi da ƙurar hunturu ko garin siminti ko dusar gero. A mangazar da ake buɗe manyan ƙofofinta kullum, daga Disamba zuwa Fabrairu, na'urar za ta riƙa kuka ba dalili har mutane su gaji su cire ta. Wayar jin zafi ba ruwanta da ƙura ko hayaƙin mota, kuma tana shiga wuraren da hannu ba ya kaiwa: cikin ramin wayoyin lantarki, jikin bel mai jigilar kaya irin na masana'antar siminti kamar ta Malbaza, kewayen taransifo, ɗakin janareto, tankunan mai, da tsakanin kantocin mangaza.

Sai dai akwai iyaka da ba na son kowa ya manta da ita. A wurin da mutane suke kwana, kamar otal da ɗakunan majinyata da gidajen zama, hayaƙi ne yake kashe mutum tun kafin zafi ya kai silin. A irin waɗannan wurare na'urar jin hayaƙi ce wajibi, wayar zafi kuwa ƙari ce ga ɗakin girki, da ɗakin injuna, da cikin rufi. Duk wanda ya ce zai kare maka ɗakin kwana da wayar zafi kaɗai, kada ka ba shi aikin.

Wane matakin zafi ya kamata in zaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasarmu, kuma ita ce aka fi amsawa da garaje. Matakan da aka saba samu su ne digiri 68, da 88, da 105, da 138, da kuma kusan 180 ko 185. Kowane mataki yana da lamba ta biyu da mutane ba sa dubawa, wato iyakar zafin da wayar za ta iya zama a cikinsa yau da gobe ba tare da robarta ta gaji ba. Ga waya mai digiri 68, iyakar tana wajen 45 ko 46 a wurin yawancin masu ƙerawa. Ga mai 88 tana tsakanin 60 da 70 gwargwadon kamfani, ga mai 105 kuma tana sama da haka.

Yanzu a dubi Yamai a tsakiyar bazara. Idan inuwar bishiya ta kai 44, iskar da ta taru a ƙarƙashin rufin kwano da ƙarfe uku na rana ta wuce haka nesa, kuma kwanon kansa ba ya taɓuwa da hannu. Waya mai digiri 68, wadda ita ce aka fi sayarwa a Turai kuma ita ce ɗan kasuwa zai fara miƙo maka, tana zaune ke nan a kan iyakarta ko sama da ita na tsawon makonni. Ba lallai ne ta yi kuka a shekarar farko ba. Robar tana laushi kaɗan-kaɗan, murɗin ƙarfen yana matsa ta, har ranar da za ta saki.

An taɓa kirana wata mangazar shinkafa da man girki a yankin masana'antu, inda wani ya ɗaura mai 68 a jikin ƙarafan rufi, tazararta da kwano ba ta kai faɗin yatsu uku ba. Mai wurin ya tarye ni da cewa: «Malam, wannan abin naku ba ya kuka sai bayan azahar, kuma ko tartsatsi ba mu taɓa gani ba.» Na ce: «Alhaji, wayar ba ta yi ƙarya ba, zafin da take ji ne take faɗa. Wanda ya zaɓe ta ne bai auna rufinka ba.» Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tarar maigadi ya zare wayar jiniyar ya naɗe ta a ƙusa tun makonni uku da suka wuce, domin ta hana shi sakat. Makonni uku ke nan kayan miliyoyin sefa suna kwana ba mai tsaronsu daga wuta, mai su kuwa yana ganin ya biya kuɗin kariya.

Hanyar da nake bi ita ce a rataye ma'aunin zafi mai riƙe lamba mafi girma a daidai wurin da wayar za ta zauna, a bar shi kwanaki a lokacin zafi, sannan a zaɓi wayar da iyakar zamanta ta ɗara abin da aka gani da rata mai kyau. Idan aikin ya faɗo a lokacin sanyi, ba za a dogara da awon Janairu ba. A ƙarƙashin kwano marar silin, mai 88 ce mafi ƙanƙantar abin da nake yarda da shi, a ɗakin janareto da kusa da bututun hayaƙi kuwa 105 ko sama. Mai 68 wurinta ɗakin da ake sanyaya shi, ko ramin waya na ƙarƙashin ƙasa da aka tabbatar da zafinsa. Kada kuma a wuce gona da iri a sa mai 138 a ko'ina don gudun kukan banza, domin duk yadda matakin ya yi sama, haka wuta za ta girma kafin a ji labarinta.

Rigar wayar fa, tana da bambanci?

Tana da shi. Mai rigar PVC ta cikin gini ce, rana tana cinye ta. A waje, ko inda ake ta'ammali da gazuwal da man inji, ana sa mai rigar nailan, wadda galibi baƙa ce kuma tana jure hasken rana. Inda ake da sinadarai masu ci, akwai riguna na musamman da takardar kamfani take lissafa abin da suke jurewa. Akwai kuma mai saƙar ƙarfen da ba ya tsatsa a bayanta, wadda nake ba da shawararta a rumbunan hatsi da duk inda ɓeraye suka yi yawa, da kuma inda kaya suke iya gogar waya. Baƙar waya da ke cikin rana tsaye tana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da ita, saboda haka a waje ana yi mata ƴar rumfa ko a ɗaga matakinta.

Yaya ake ajiye ta kafin a fara aiki?

A ɗaki mai inuwa da iska. Naɗin waya da ya yi makonni a cikin kwantena daga tashar jirgin ruwa ta Lome ko Kwatano, ko aka bar shi a bayan mota a rana, yana iya lalacewa tun ba a warware shi ba. Don haka kafin a hau tsani ana auna kowane naɗi da na'urar awon lantarki: a tabbatar zarurrukan biyu ba su haɗu ba, a kuma tabbatar kowanne ya kai ƙarshe bai tsinke ba. Awon minti biyar ne, kuma ya fi a ɗaura mita 300 sannan a gane tun a shago ta mutu.

A ina ake bi da ita a rufin ɗaki, kuma da wace tazara?

Zafi sama yake tashi ya bazu a ƙarƙashin rufi, don haka wayar tana zama kusa da silin ba tare da ta manne da shi ba. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 72 ta ce kada ta yi ƙasa da silin fiye da kimanin santimita 50. A rufi mai tozo, layi ɗaya yana bin tozon cikin tazarar da ba ta wuce santimita 90 ba, domin can zafi yake fara taruwa. A ƙarƙashin kwano ina nisanta ta da ƙarfen gwargwadon abin da ƙa'ida ta bari, saboda dalilin da na faɗa a sama.

Tazarar da ke tsakanin layi da layi tana cikin takardar shaidar wayar, kuma takan kama daga wajen mita 7 zuwa 15 gwargwadon irin wayar da hukumar da ta gwada ta. Tsakanin bango da layin farko rabin wannan tazarar ne. Abin da ake yawan mantawa shi ne lambar ta rufi mai santsi ce wanda tsayinsa daga ƙasa bai wuce mita 3 ba. Idan rufi ya fi haka tsawo, ko yana da manyan ginshiƙai da suke tare iska, dole a rage ta.

Ga misali. A ce mangaza tana da tsawon mita 40 da faɗin mita 20, kuma bayan ragi tazarar da ta halatta ita ce mita 7. Layi uku za a ja a tsawonta, tsakaninsu mita 6 da ɗan kai, na gefe kuma mita 3 da ɗan kai daga bango. Idan aka haɗa da juyawa biyu na ƙarshen layuka da ɗan sassauci, abin da za a saya yana wajen mita 130. Idan kuma kantocin suna da tsawo har kaya suna kusan taɓa rufi, layin sama kaɗai bai isa ba, sai an bi da wata a tsakanin kantocin, a gurbin da cokalin motar ɗaukar kaya ba zai kai mata ba.

Ayyukan da aka tsara bisa tsarin Faransa, waɗanda su ne suka fi yawa a takardun kwangila a nan, suna komawa ne ga NF S 61-970 da ƙa'idar APSAD R7. A tambayi mai zane tun farko wace ƙa'ida ya bi, kada a ɗauki lamba daga wannan a haɗa da ta waccan.

Da me ake ɗaure ta?

Da maƙalan da aka yi dominta, waɗanda suke riƙe ta a sassauce, yawanci da ƴar rigar roba mai laushi tsakanin waya da ƙarfe. Tazarar maƙali da maƙali takan kasance mita 1 zuwa mita 1 da rabi, a kusurwa kuma ana ƙara su. Manufar ita ce wayar ta tsaya ba ta lilo, amma idan ka ja ta da yatsa ta ɗan zame a cikin maƙalin.

A nan hannun ma'aikaci yake nuna kansa. Yaron da ya saba da wayar lantarki ta gida ya saba da maƙali mai ƙusa da guduma, ya kuma saba jan kolye, wato ƴar ɗamarar roba ta ɗaure waya, da filaya har sai ya ji ya ƙame. Waɗannan halaye biyu su ne suke kashe wayar jin zafi. Robar da ke raba ƙarafan siririya ce, kuma duk inda aka matse ta, nan ne za ta fara saki idan bazara ta zo. Ina sa kowane sabon yaro ya yanki taƙi ɗaya, ya fere rigar, ya ga kaurin robar da idonsa, sannan ya matse wani guntun da kolye ya fere ya ga shatar da ta fito. Wanda ya ga wannan shatar sau ɗaya ba ya sake ɗaukar filaya. Da hannu ake jan kolye, a tsaya tun yana iya juyawa, kuma a waje a sa baƙi mai jure rana ko na ƙarfe mai riga, domin farin kolye yakan ƙeƙashe ya karye a ranar Yamai.

Inda babu abin kamawa, kamar tsakiyar babban zaure ko saman bel, ana fara jan igiyar ƙarfe marar tsatsa a ɗaure ta tamau da abin ɗamewa, sannan a rataya wayar a jikinta. Igiyar ce take ɗaukar nauyi da ja. Ita wayar jin zafi ba a ɗame ta, ana ma bar mata ɗan sassauci saboda miƙewa da tsukewar da ƙarafan gini suke yi tsakanin zafin rana da sanyin asuba.

Ana iya lanƙwasa ta?

Ana iya, da hannu, a zagaye. Masu ƙerawa suna ba da mafi ƙanƙantar lanƙwasa tsakanin santimita 5 da 8 daga tsakiyar da'irar, a ɗakin sanyi kuma fiye da haka. Ina ce wa yara su ɗauka suna zagaya gwangwanin madara babba. Ba a karya ta a kusurwa, ba a kama ta da filaya, ba a jan ta a kan kaifin ƙarfe, kuma wajen warwarewa ana sa naɗin a kan sanda ya riƙa juyawa, kada a zare ta daga gefe ta yi ƙulli.

Yaya ake shimfiɗa ta a kan gadon wayoyin lantarki?

A saman wayoyin da aka jera a kan gadon, wato dogon farantin ƙarfe da yake ɗauke da su, tana tafiyar maciji daga wannan gefe zuwa wancan, kowane zagaye cikakke kimanin mita 1.8, ana kama ta a gefunan gadon. Dalili shi ne wutar irin wannan wuri daga waya ɗaya take farawa, wadda ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta ko haɗinta ya saki, kuma tafiyar macijin tana sa wayar jin zafi ta gitta kowace ɗaya. Saboda wannan zagaye, gado mai faɗin santimita 60 yana cin ƙarin waya kusan rubu'in tsawonsa, sai a sa shi a lissafi. Idan gadaje hawa-hawa ne, kowane hawa da tasa. A kuma gaya wa masu lantarkin wurin cewa duk ranar da za su ƙara waya, su ɗaga ta su shimfiɗa tasu a ƙasa, kada su binne ta.

A jikin bel kuwa ana bin layin ƙafafun da yake gudu a kansu, domin ƙafar da ta ƙame tana gogar bel ita ce take haifar da zafi, kuma sau da yawa wutar ba ta tashi sai an tsayar da bel ɗin ya zauna a kan ƙafar mai zafi.

Yaya ake haɗa ta da santaral, kuma yaya ake haɗa guntu da guntu?

Ba a jan wayar jin zafi tun daga santaral. Daga can har bakin wurin da ake karewa ana amfani da wayar jan ƙarfe mai jure wuta, a haɗa su a cikin akwatin haɗi wanda ƙura da ruwa ba sa shiga, irin mai lambar IP65 ko sama. Layin yana tafiya ɗaya tilo har zuwa rezistans na ƙarshe, ba a yi masa reshe, domin reshen da ya tsinke santaral ba zai gani ba. Rezistans ɗin kuma a ƙarshen layin yake zama. Na sha tarar da shi a ɗaure cikin santaral, an sa shi can don fitilar matsala ta mutu a karɓi kuɗi, alhali ko an yanke wayar gaba ɗaya ba abin da zai nuna. Wannan ha'inci ne, kuma mai gini yana da haƙƙin ya ce a buɗe masa akwatin ƙarshe ya gani.

Haɗin guntu da guntu a cikin akwati ake yinsa da maƙalan dunƙule masu noti. Ba a murɗawa a naɗe da salatif, ba a yin dalma, ba a sa rigar da ake tsukewa da wuta, tun da zafin kansa zai narkar da robar. Kuma wayar ba ta taɓa haɗuwa da lantarkin kamfanin wuta na NIGELEC kai tsaye. Ƙaramin ƙarfin da santaral yake bayarwa kaɗai take ɗauka. A wuraren da tururin mai ko gas yake iya taruwa, ana sa shingen da ke rage ƙarfin lantarki a wajen yankin haɗarin, kuma wannan aiki ne na wanda ya san ƙa'idojin irin wuraren.

Idan layi ya yi tsawo, yaya za a san inda wutar take?

Ta hanyar awon juriya. Kowace mita ta wayar tana da juriya sananniya da ke cikin takardarta. Da om ake auna juriya. A ce om 0.6 ce a kowace mita, sai aka auna bayan haɗuwa aka samu om 90 bayan an cire ta wayar jan ƙarfe: haɗuwar tana mita 150 daga farkon layi. Akwai ƙananan akwatuna da suke yin wannan lissafi da kansu su nuna mitocin a fuska. Lambar ba ta da amfani idan babu zane a manne kusa da santaral mai nuna cewa mita 150 tana kan kanta ta huɗu ce ko bayan taransifo. Ni na fi son a raba babban wuri zuwa yankuna da sunayen da maigadi ya sani, ko da akwatin yana iya ɗaukar fiye da kilomita ɗaya a layi guda.

Yaya ake gwada ta, tun da wuta tana lalata ta?

Ba a kusanta mata ashana ko na'urar hura zafi. A akwatin ƙarshe ana sa maɓallin gwaji wanda yake haɗa zarurrukan biyu, sai a ga ko santaral ya nuna gobara kuma jiniya ta tashi. Sannan a zare ƙafa ɗaya ta rezistans a ga ko ya nuna matsala. Ranar miƙa aiki ana rubuta juriyar kowane layi a littafi, kuma aƙalla sau ɗaya a shekara a sake aunawa a kwatanta. Ni ina son a yi wannan a watan Maris, kafin zafi ya kankama, a bi layin da ido a duba maƙalan da suka karye da inda ɓera ya ɗanɗana. Idan mai gini yana son ya ga aikinta da idonsa, sai a yanki guntu daban, a haɗa shi da na'urar awon lantarki, a tsoma shi a ruwan zafi idan matakinsa bai kai na tafasa ba.

Mai fenti ya shafe ta, ko wuta ta taɓa wani gurbi. Sai an sauya duka?

Fenti yana rage saurin jin zafinta kuma sinadarinsa yana iya cin rigar, don haka gurbin da aka shafa sauya shi ake yi. Bayan gobara ana yanke inda ya narke tare da ƙarin wasu mitoci ta kowane gefe, domin robar da ke kusa ta sha zafi ko da ba ta saki ba, a sa sabon guntu mai mataki ɗaya da kamfani ɗaya, da akwatin haɗi biyu. Saboda haka nake barin ragowar naɗin a hannun mai gini, da sharaɗin ya ajiye shi a ofis, ba a mangazar ba.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Santaral yana da batura. NFPA 72 tana neman su riƙe shi awa 24 sannan su iya kunna jiniya minti 5, tsarin Faransa kuma yana neman awa 12 na jira. Matsalarmu ita ce batirin dalma yana tsufa da sauri a zafi: abin da aka sani shi ne ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. A kafa santaral a ɗaki mafi sanyi da ake da mutum a cikinsa, a rubuta ranar sa batir a jikinsa, a gwada shi da kaya a kansa. A kuma sa abin kare shi daga hauhawar lantarki, saboda tsawar damina da dawowar wuta da ƙarfi.

Za ta yi amfani a kasuwanninmu?

Ana yi mini wannan tambaya da zafin rai, kuma na fahimci dalili. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, Ƙaramar Kasuwa kuma ta ƙone a 2012. A ginanniyar kasuwa mai dogayen layuka da rufi ɗaya, wayar ta dace sosai, domin tana bin layi daga farko zuwa ƙarshe, tana bin hanyoyin lantarki, kuma ƙura ba ta damunta. A inda rumfuna suke sauya siffa kowane wata, ana rataya kaya a duk abin da ya yi kama da igiya, sai an sa mai saƙar ƙarfe a ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa, an kuma zauna da shugabannin ƴan kasuwa an yi musu bayani layi-layi.

Wayar ba ta kashe wuta, labari kawai take kaiwa, kuma gobarar kasuwa da ta mangaza ta fi yin ɓarna da dare bayan an kulle. Saboda haka kafin in karɓi irin wannan aiki nakan tambayi wanda zai ji jiniyar da ƙarfe biyu na dare, ko yana da waya da kuɗi a cikinta, ko ya san ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 kafin ya kira maigidansa, wa yake riƙe da makullin ƙofa, kuma ko motar ruwa za ta iya shiga layin. Ana iya haɗa santaral da na'urar da ke aika saƙo ga wayoyin mutum uku ko huɗu a lokaci guda, kuma ina sa ta a kowane lissafin da nake ba masu kasuwa da masu mangaza.